Maganin da na mayar wa Hajiya

Ƙarfe goma da rabi na safe, mu uku ne a ɗakin awo: ni, da likita, da nas mai yi mana tafinta. Cikina na fari ne, wata bakwai. Maigidana yana kasuwar Abosokai wajen sana'arsa ta kayan mota, dangina kuwa duk suna Nijar.

Likita ya yi bayani daki-daki, yadda nake so. Na farko, jinina ya hau saboda cikin. Na biyu, jijiyoyin da ke kai wa yaro jini sun tsuke. Na uku, in na yi wasa zan iya rasa shi. Na tambaya ko akwai abin da ke gyara jijiyar kanta. Ya ce ana binciken wani maganin maleriya ko zai kare ta, amma ba a gama ba, kuma ba zai ba ni ba. Ya rubuta na hawan jini, ya ce in huta, kada in sha komai bayan shi.

Da na koma gidanmu na haya a unguwar Mamobi, na faɗa wa maƙwabciyata yadda aka yi. Kafin la'asar zancen ya zagaye gidan, rabinsa ya zube a hanya. Abin da ya rage shi ne maganin maleriya na warkar da kumburin masu ciki.

Washegari Hajiya mai gidan ta shigo dubiya, mata uku a bayanta. Ta kwance bakin mayafi ta ajiye kwalin magani a kan katifata.

"Amarya, tashi ki sha. Da kaina na je kemis."

"Na gode, Hajiya. Likita ya hana."

"Ei! Ba shi ya ce yana aiki ba?"

"Cewa ya yi ana gwadawa."

"To ai gwadawar za mu yi. Ni na haifi takwas, shi nawa ya haifa?"

Matan suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ɗauki kwalin da hannu biyu na miƙa mata. A nan Zango, unguwannin baƙi irinmu, ba a mayar da abin dubiya; ko ba ka so, ka karɓa ka tura ƙarƙashin filo. Na san haka. Amma na san da na karɓa za ta tsaya a kaina da kofin ruwa sai na haɗiye.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke. Ba wadda ta zage ni. Sai dai a gaishe ni ta taga a wuce. Ina kwance ta gefen hagu, fuskata na bango, ina jin ana dakan fufu, ana raha da Hausa da Tuwi, yaren 'yan ƙasa. Maigida ya fita da asuba, sai bayan magariba. Tsakanin nan ba mai taɓa ni sai yaron in ya motsa, ni kuma in amsa masa da tafin hannu. Ranar awo ni kaɗai nake hawa turoturo, motar haya, takalmin maigida a ƙafata don ta kumbura, nawa ya daina shiga.

Wata takwas aka yi mini aiki. Yaron ya zo ɗan mitsitsi, amma da ransa. Hajiya ta zo suna, ta ɗauke shi ta yi masa addu'a, ba ta dubi inda nake ba.

Ke mai karatu, in akwai mai ciki kwance a gidanku, ki shiga wajenta hannu sake. In kin kai magani ta ƙi, ki mayar da abinki jaka, gobe ki dawo ki zauna.