Tukuicin 'Ya'yan Kyanwa

Tun da idon Inna ya tafi, kyanwar nan ce abokiyar zamanta. Ni ina bakin iyaka tun safe ina facin tayoyin manyan motocin da ke jiran a sallame su su tsallaka Nijar, matata tana kasuwa wajen tuyar awara, sai a bar tsohuwa daga ita sai mussarta, kamar yadda take kiranta. Da ita take hira, ita take yi wa faɗa. Ranar da kyanwar ta ƙi abinci, Inna ma ba ta ci. Shi ya sa duk sanda na ga cikin dabbar nan ya fara tasowa sai in shiga damuwa.

Kuma ba ta fashi, baiwar Allah. Kafin ta yaye 'ya'yanta, muzuran unguwa sun cika mana katanga da kuka da faɗa, sai wani cikin. Kowace haihuwa sai ta ƙara ramewa, har kana iya ganin haƙarƙarinta.

Dokar Inna ɗaya ce: ba a yar da mai rai. "Ka samo masu gida," in ji ta. "Ka kai inda ke da rumbu, su ci ɓera su yi mana addu'a." Karon farko na bi umarni. Na sa 'ya'yan a kwali na ɗaure a bayan babur na kai Riko gidan wani ɗan'uwanmu, ya ji daɗi, ya ba ni ƙwan zabi tukuici. Inna ta yi ta shafa ƙwan nan tana murmushi. Karo na biyu kuwa na zaga Bugaje da Kusa har rana ta yi tsaka, kowa ya ce yana da tasa. Haushi ya kama ni. A hanyar dawowa na miƙa kwalin ga wani direba mai zuwa Maraɗi, na ce ya sauke su duk inda ya ga gari. Na dawo na ce wa Inna sun samu gida.

Daga nan abin ya zame mani jiki. Wani lokaci direba, wani lokaci in ajiye kwalin a bayan shagunan tasha in juya ban waiwaya ba. Sau ɗaya na koma washegari na duba. Da ma ban koma ba. Har yau ba na son bin ta wajen.

Akwai likitan dabbobi da ke duba shanu da raguna masu tsallakowa, a wajena yake gyaran babur ɗinsa. Shi ya taɓa ce mani, "Mai faci, ka kawo ta a cire mata mahaifa ta huta. Za ta yi ƙiba, ta daɗe, mazan nan su bar maku katanga. Su ma da ana yi masu fiɗiya da ba su yawo suna cizon juna." Na kai wa Inna maganar. Kai, ka ga faɗa! "A taɓa mata halitta? Ina da rai?" Na ce ai rago ma ana fiɗiye shi. Ta ce rago daban, mussarta daban, in na ƙara tayar da zancen ba ta yafe ba.

Sai ranar nan. Na dawo cin abincin rana na tarar da Inna zaune a ƙasa ƙofar ɗaki, tana lalube. Ta ce tun hantsi mussa ke naƙuda, ɗaya ya fito ba rai, sauran shiru. Na leƙa ƙarƙashin gado. Kyanwar tana kwance, baki buɗe, tana haki, ido ya yi fari. Na taɓa ta ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ya take, ɗan nan?"

"Da sauƙi," na ce. Ƙarya kuma. Na naɗe ta a tsohuwar riga na ce zan kai a ba ta magani.

Da ƙyar na samo likitan a tsakiyar garken shanu. Yana latsa cikinta ya dube ni. "Sun mutu a ciki. In ba a buɗe an cire duka da mahaifar ba, ba za ta kai gobe ba. Ko an yi ma, ta galabaita, ban yi maka alkawari ba. Me ka ce?"

Me zan ce? In na ce a yi, na taka maganar uwata. In na ce a bari, in koma in gaya wa makauniya mussarta ta tafi, wa zai ƙara sa ta cin tuwo? Na ce a yi.

Muka wuce asibitin dabbobi cikin gari, ya shige da ita ya rufe ƙofa. Na zauna a gindin dalbejiya, na tashi, na sake zama. Ni da ke kwance tayar tirela ban ji komai ba, ga ni ina zufa saboda kyanwa. Aka kira la'asar na yi salla, wallahi ban san abin da na karanta ba. Tunanina ɗaya: in ta mutu a ɗakin nan, wace ƙarya ce kuma za ta ishe ni?

Ya fito yana wanke hannu. Ya ce tana numfashi, a ajiye ta wuri mai ɗumi, kada a bari ta lashi wurin.

Na shiga gida na ɗora ta a cinyar Inna. Na san hannunta ya fi idona gani. Ta shafa kai, ta shafa baya, ta gangaro ciki inda aka aske, yatsanta ya tsaya a kan ɗinkin. Ta bi shi a hankali daga farko har ƙarshe. Na durƙusa ina jiran abin da zai fito daga bakinta.

"Ba za ta ƙara haihuwa ba ke nan?"

"Ba za ta ƙara ba, Inna. Ki yafe mani. Da ban yi ba da ta mutu."

Kyanwar ta motsa, ta cusa kai cikin zanenta.

"Tun ƙwan zabin Riko," in ji ta, "ba ka ƙara shigowa gidan nan da tukuici ba, ko goro ɗaya. Wane gida ne ake kai wa kyauta a sallami ɗan aike hannu wofi? Na sani tun tuni, ɗan nan. Na hana ka kai ta wajen likita, na bar ka da yar da 'ya'yanta, na yi shiru." Ta share ido da gefen mayafi. "Alhakinsu ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Tashi ka ɗumamo mata madara."