Zaren Tsamiyar Iya

Shekarar da na gama sakandare ban wuce ko'ina ba, ina gida a Daura, na zama 'yar aiken Iya, mahaifiyar Babanmu. A shekarar ce likita ya ce ciwon idonta ba yana ba ce da za a cire, jijiya ce ke mutuwa, ganin zai yi ta raguwa har ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta ce tana so kafin duhu ya rufe ta: ta kaɗa zaren tsamiya da hannunta, a yi wa Baba ɗinkin babbar riga da shi.

Zaren tsamiya ba itacen ke ba da shi ba, wata tsutsa ce ke saƙa shi ta yi gida. Yanzu ba a ganinta a wajenmu. Bayan girbi wani ƙanin Iya mai fataucin shanu ya zo mata da gida guda daga dajin kudu. Kamar tsohuwar jakar fata yake, ruwan ƙasa, ya kai ƙaramar ƙwarya. Na taɓa shi, hannuna ya wuni yana ƙaiƙayi.

Aikin ba wani dogo ba ne: a dafa a ruwan toka, a wanke, a shanya, a yayyage ya yi laushi, sai kaɗi. Na hura wuta na ɗora tukunya. Iya ta ɗaga gidan ta ji nauyinsa, ta kai kunne ta girgiza.

"Sauke tukunyar nan. Masu gidan suna ciki."

"Waɗanne masu gida? Tsutsa ce fa, Iya."

"Ke in kina barci aka ɗora ki a wuta, daɗi za ki ji? Da tsufana ba zan dafa mai rai ba."

Na san labarin tun a aji: ƙwai, sai tsutsa ta ci ganye ta ƙoshi, ta naɗe kanta ta kwanta, ta fito da fukafukai. Abin da ba a gaya mana ba shi ne tsawon kwanciyar. Iya ta ce ba sa fitowa sai ruwa ya sauka. Lokacin ko karan gero ba a gama kwashewa ba.

"To idon naki zai jira damina?"

"Idon nawa ne ko naki?"

"Ni zan dafa. Zunubin a kaina."

"Wanda ke kanki ma ya ishe ki, uwar gaggawa. Ke da ko tuwo ba kya bari ya nuna."

Na kai ƙara wurin Baba, ya ce a bar ta. Aka rataye gidan a ƙusa a bangon ɗakinta.

Rani ya yi ta tafiya, idon yana bin sa. Da farko zare ne ya daina shigar mata allura. Daga baya sai da tafiyata take gane ni, ta ce ba mai jan takalmi da fushi irina. Kullum da hantsi takan kaɗa 'yar auduga don kada hannu ya manta. Gidan kuma yana nan a bango, ba motsi.

Da zafi ya tsananta na ce mata sun mutu tuni, gawa muke gadi. Ta ce in yanka gefe kaɗan in duba. A ciki ƙananan ɗakuna ne a cunkushe kamar gyaɗa a buhu. Na leƙa ɗaya: wani abu kamar ƙwallon dabino, ba kai ba ƙafa. Na taɓa shi da tsinke, ya karkaɗa gindi.

"Ya motsa?"

"Ya motsa."

"To rufe musu."

Bayan ruwan farko da 'yan kwanaki, na kai mata koko da safe, na tarar bango ya cika. Farare-farare ne masu zanen ƙasa-ƙasa, da ƙaton ciki, wasu fukafukansu a jiƙe a cukurkuɗe, suna rawar jiki suna miƙe su. Iya na zaune a tsakiyarsu da carbi, ba ta san an yi ba.

"Masu gidanki sun fito."

"Yaya kamarsu?"

"Munana. Duk jiran nan, ko malam-buɗe-littafi mai kyau ba su zama ba."

Ta ce in buɗe ƙofa da taga. Waɗanda suka fita, kaji da ƙadangaru suka yi kalaci da yawancinsu.

"Kin hana tukunya, kin ciyar da kaji."

"Wannan tsakaninsu da kajin ne."

Ranar na dafa gidan. Da ya bushe na yayyage, na tsince abin da na iya, na zuba mata a taskira. Ta shafa alli a yatsu ta murza mazari. Hannun bai manta ba, amma tsamiya ba auduga ba ce, tana son ido. Zaren ya yi ta fitowa nan kauri, nan siriri, da ƙulle-ƙulle. Ban ɓoye mata ba, ita ma tana ji a yatsunta. Ba ta fasa ba sai da taskirar ta ƙare.

Ni na kai wa mai ɗinki. Ya warware ya duba, ya ce yawancinsa ba zai bi allura ba. Ya tsinci mai kyan, ya ishi bakin wuya kawai, zanen aska na ƙirji da aljihu kuwa ya cike su da zaren kanti.

Da aka kawo rigar na gaya wa Iya yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ce in ɗora mata a cinya. Ta lalubo wuyan, ta bi shi da yatsa a hankali har inda kaushin ya ƙare, santsi ya fara.

"Iyakar nawa ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

"To ninke ki kai wa mai ita."