Ranar da Aka Kama Inna

Mai Aski bai taɓa taka ƙofar caji ofis ba tun da ya yi wayo, kuma yana faɗin haka da alfahari kamar wanda ya ci jarrabawa. Yana da dalilinsa. Yana ƙarami mahaifinsa ya tsinci keke an yar a bakin kwata, ya tura shi har wurin 'yan sanda don a nemi mai shi, sai aka ce ai shi ya sata. Gaskiya ta fito daga baya, amma dattijon ya dawo gida da kunyar da ba ta sake shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Tun daga nan Mai Aski ba ya ga maciji da duk mai kaki.

Shagonsa ne na farko idan ka shigo layin. Madubi ɗaya ne mai tsagewa a kusurwa, da benci, da kujera mai juyawa wadda ba ta juyawa sai an taimaka mata da gwiwa. A jikin falwayar ƙofar shagon ya rataya tsohon ƙarfen tayar mota, da 'yar guduma a gefe. Da zarar an hango ɗan sanda, sai a buga ƙarfen. Kan ka ce kwabo mai facin taya ya ja injinsa ciki, tela ya turo ƙofa, mata sun janye yara, layin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin dariyar shi ne yawancinsu ba su da laifin komai. Gudun ne kawai ya zama jiki.

Ana nan sai aka turo wata Saje, mace mai ɗan jiki, aka ce aikinta ta riƙa zagaya unguwar a ƙafa ta san mutane. Ina za ta san su? Kullum ƙofofi take tararwa a rufe. Mai Aski kaɗai take samu, don ba ya iya gudu ya bar kan mutum rabi a aske.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta.

"Yawwa," yake cewa ta hanci, idonsa na kan ƙeyar da yake gyarawa.

Mahaifiyarsa, wadda duk layin ke kira Inna, a gidansa take. Tsufa ya kawo mata mantuwa, har takan tashi ta ce za ta gidan da aka rushe tun tana amarya. Wata safiya matarsa ta je shanya a bayan ɗaki, ta dawo ta ga tabarma ba kowa, ƙofar gida a buɗe. Ko takalmi Inna ba ta saka ba.

Labari ya iske shi a shago. Ya jefar da injin askin, ya hau babur. Ya duba tasha, ya duba kasuwa, ya shiga asibiti ɗaki-ɗaki yana leƙa fuskar kowace tsohuwa. Rana ta take, shi kuwa ba abin da yake gani a ransa sai babban titi da manyan motoci, da Inna ba takalmi. Wuri ɗaya ne bai ko zo masa a rai ba.

Ya dawo layin bai same ta ba, ya tarar da mutane cirko-cirko. Matar tela ce ta tare shi tana tafa hannu.

"An kama Inna! Da idona na gani ta kafar ƙofa. 'Yar sandar nan ta riƙe mata hannu gam, ta yi gaba da ita!"

"Kuna ina aka tafi da ita?"

Mai faci ya sosa kai. "Ai da na hango kakin, ni na buga ƙarfen. Kowa ya shige."

Mai Aski bai tsaya jin sauran ba. Ya nufi caji ofis yana huci, rabin layin ya biyo bayansa, har da mutumin da ya bari da rabin aski. A hanya ya shirya maganganun da zai faɗa, masu zafi, waɗanda ya daɗe yana tarawa tun zamanin keke. Ya banka ƙofa ya shiga ba sallama.

Inna na zaune a kujerar babban jami'i, kofin shayi a hannunta. An wanke mata ƙafa, an ɗaure wani ɗan yanka a diddige, an saka mata silifas da suka yi mata yawa. Wani ƙaton kurtu na tsaye yana yi mata fifita da kwali, ita kuma tana yi masa faɗa wai bai iya ba.

Mai Aski ya ƙarasa gabanta. Ya durƙusa ya kama ƙafar uwarsa, hawaye suka zubo masa a gaban 'yan sanda, bai damu ba.

"A bakin babban titi na same ta, tana shirin tsallakawa," in ji Saje. "Na ji a jikina 'yar layinku ce. Na zo da ita har can, na bi gida-gida ina ƙwanƙwasawa, ba wanda ya buɗe. Da na san ku, Malam, da tun safe tana ɗakinta."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo. Kunya ta rufe shi, ta rufe waɗanda suka cika ƙofa. Mai faci ya yi ta kallon silin kamar ya ajiye wani abu a can.

"Ranki ya daɗe," in ji Mai Aski, kalmar da bai taɓa ce wa mai kaki ba, "Allah ya saka miki da alheri. Mu ne da laifi."

Da aka zo tafiya, Inna ta ce sam, ba mai kai ta gida sai 'yarta, ta kuma damƙe hannun Saje. Haka aka fito: 'yar sanda da tsohuwa a gaba, jama'a a baya ana dariya ana tsokanar matar tela. Waɗanda suka rage a gida suka leƙo, suka ga Inna baki har kunne, suka wangale ƙofofi suka fito.

A ƙofar gida Saje ta juya za ta koma. Inna ta harari ɗanta.

"Kai, wa ya rene ka? Yarinya ta rako ni tun daga uwa duniya, ka bar ta a tsaye?"

Mai Aski ya ruga shago, ya ciccibo bencin da kansa, ya goge shi da rigarsa, ya ajiye a tsakiyar layin. Saje ta zauna kusa da Inna, ta cire hularta ta ɗora a gwiwa, ta dubi tela.

"To, Baba, bari mu fara da kai. Wanne ne gidanka?"

Kafin tela ya buɗe baki, hannaye sun tashi ta ko'ina, kowa na nuna nasa yana kiran sunan 'ya'yansa.

"Ku bi a hankali!" in ji Mai Aski, ya matso ya tsaya a gefenta. "Ni zan gabatar da ku ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda zai koma gida yau sai ta san shi."