Alhaji Sahabi, wanda ya tona asirin kansa don mu tsira

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin ɗaga ƙyauren shago da safen nan a Gummi aka kira ni daga Anka, wai Alhaji Sahabi mai maganin feshi ya rasu. Na bar ƙyauren a rabi na nemi benci na zauna.

Ba ɗan'uwana ba ne, abokin gasa ne ma. Taki da maganin ciyawa da asid muke sayarwa ni da shi, manoman Bukkuyum kuma suna tsakaninmu, kowa na jan su. Amma da ya ji maganin ƙwari ya fantsamar min a ido, shi ya aiko min da tabarau da safar hannu, ya ce a gaya min in rage taurin kai.

Masu sana'armu kun san halinmu. In aka damfari mutum, haɗiye abinsa yake yi. Kar kasuwa ta yi masa dariya, kar kamfani ya daina yarda da shi.

Shekarun baya wani ya kira Alhaji, ya ce daga kamfanin da ke ba mu kaya ne, za a sa shi a taron diloli ta intanet, ya karanto lambobin da aka turo masa. Dattijo ya karanta. Kafin azahar an ƙwace akawun ɗin da yake ba da oda da shi a waya.

Da sunansa da hotonsa suka aika wa babban dila a Gusau cewa a loda buhunan taki da jarkokin asid, a sauke a wani ƙauye bakin daji. Mu 'yan yankin nan mun san kayan nan ba gona za su ba. Abin fashewa ake haɗawa da su, kuma sunan Alhaji ne a kan odar.

Da suka gano abin da ake ciki, ɗansa ya ce a gyara a ɓoye. Alhaji ya ƙi. Ya ari waya ya kira dilan, motar kayan ta juyo daga hanya. Sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba sa ga maciji da shi.

Ban manta abin da ya ce min ba: "Isa, yau an ci ni da wayo. Ni da bakina nik karanta masu lamba. In an kira ka, kada ka hwaɗi komi."

Bayan la'asar kuwa wayata ta yi ƙara. Murya mai ladabi, taron diloli. Na ce masa ya gaida mutan gidansu.

An yi wa Alhaji dariyar, ba a fasa ba. Alhaji Karanto aka riƙa kiransa a kasuwar Anka, shi kuma ya amsa da "na'am" har da gyara hula.

Daga nan ya buɗe mana guruf a waya. Ba maganar farashi, ba hoton barka da Juma'a. Duk wanda ya ga baƙon saƙo ko link ya turo hotonsa, ya kuma yi bayani da murya saboda waɗanda ba su yi boko ba. Ya matsa sai da masu kula da kwamfutocin kamfanin suka shigo. Yau mutum zai ce "na danna, ku yi hattara" ba tare da jin kunya ba. Wallahi ina alfahari da na yi zamani da mutumin nan.

Ganinmu na ƙarshe a gadon asibiti ne. Ya rame, amma bakin na nan. Ya ce, "Isa, ranar da nir rasu ka hidda lambata daga guruf. Ban son tausai. Lambar mamaci su ka so, don ba shi tashi ya ƙaryata su."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce in daina gardama.

Ɗazu, kafin in kama hanyar jana'iza, na cire ta. Saboda haka duk saƙon da ya zo muku da sunansa daga yau, ba shi ba ne.

Allah ya jiƙan Alhaji Sahabi, ya suturta shi kamar yadda ya kare mu, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ko da bai san shi ba.