Takardun Gwaggo Tsahara da Tsiren Baba Illa

Duk wanda ya san Gwaggo Tsahara ya san ba ta taɓa cewa abu ya yi ba. "Da saura," iyakar yabonta ke nan. Ka share tsakar gida ta yi fes, da saura. Amarya ta yi tuwo kowa na lashe hannu, da saura. Wata shekara aka tafka ruwa a Dakoro har katangarmu ta zube, ta leƙo ta dubi sama ta ce da saura. Baba Illa, mijinta, ya ce idan da saura to ta fito ta tare abin da ya rage na katangar.

Ni na fi kowa shan wannan kalma. Yayar mahaifina ce, tsohuwar malamar lekwal, wato makarantar boko, da ta koyar a Rumbu da Birnin Lalle kafin ta ajiye aiki, shi ya sa gari ke ce mata Madam. Ina da shekara tara ta ɗauko ni daga Mai Yara. Shan-inna ya taɓa mini ƙafa, kuma direktan lekwal ɗin da ta kai ni ya dube ni sama da ƙasa ya ce na yi girma, gara a koya mini saƙa. Gwaggo ta kama hannuna muka fito. Muna dawowa gida ta sa Baba Illa ya kwashe itacen gasa tsirensa daga zaure, ta shafe bango ɗaya da baƙin fenti. Lekwal ta buɗe ke nan, da ɗaliba ɗaya. Daga baya 'ya'yan makiyaya suka riƙa shigowa, su zo bayan kaka, su tafi da faɗuwar damina.

Shekara shida ina zaune gabanta, ban ji ta ce na yi daidai ba ko sau ɗaya. Da ta rasu bana, bayan sadakar arba'in, babban ɗansu ya ce zai tafi da Baba Illa Maraɗi, a ba da gidan haya. Akwatunan ƙarfe uku cike da takardun zaure suka faɗo a kaina, ni kuwa ɗakina kwali ɗaya kawai zai ɗauka. Kwana uku aka ba ni. Na ce wa kowa tacewa zan yi, amma a gaskiya nema nake: takarda ɗaya tak da za ta nuna Gwaggo ta taɓa gamsuwa da ni.

Kun dai san ba ta sayen kaye, wato littafin rubutu. A wurinta, sayen takarda fara sol almubazzaranci ne. Buhun siminti take yankawa ta ɗinke da zare, idan kuma aka yi zaɓe ta bi ta kwaso ragowar takardun kamfen. A bayan fuskokin 'yan takara muka koyi kalkil, wato lissafi. Ina tuna ranar da ta miƙo mini wani mai ƙaton rawani, na tsaya ina kallonsa.

"Juya shi," ta ce. "Wanga bai ci ba. Bari ya yi ma talakka amfani ko sau guda."

Akwai kuma akuyar nan. Baba Illa ya sayo ta don yanka, ta kwance ta shiga zaure ta cinye mana dikte, wato shifta, na mako guda. Mu dai murna muka yi. Da ya ɗauko wuƙa, Gwaggo ta tsaya a bakin turke ta ce ba a yanka ɗaliba a gidanta, akuyar da ta haɗiye Faransancin mako ɗaya ta fi rabin ajin ƙoƙari. Haka akuyar nan ta tsufa a gidan mahauci, tana harararsa yana harararta.

Amma babban yaƙin a kan takarda aka yi shi. Mai tsire ba ya rabuwa da takardar naɗi, ga ta kuwa jibge a zaurensa. Sai Baba Illa ya fara zara kaɗan-kaɗan ranar kasuwa. Gwaggo ta gane, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki jan bik ta bi kowace takarda ta rubuta bisimilla da Larabci a sama. Wa zai naɗe nama da sunan Allah, a ci a yar a bola? Baba Illa ya yi kwana biyu yana tunani, ya dawo da almakashi, ya riƙa yanke saman yana adanawa a gwangwanin madara. Ita kuma ta mayar da bisimillar tsakiyar shafi.

"Madam, wanga ba adalci ba ne," in ji shi. "Ko soja na barin hanya guda."

A ƙarshe suka yi sulhu. Ta daina rubutawa a kan kowace takarda, sai wadda za ta shiga akwati. Sauran kuma ita da kanta take zaɓa ta ba shi duk ranar kasuwa. Mu ba ma ganin maki, domin ba ta mayar wa kowa takarda. Ta dai kira ka, ta ja kunnenka a kan kuskure, ka sake. Mun ɗauka tarkace take ba shi, masu kyau kuma suna akwati.

Shi ya sa na buɗe akwatunan da zumuɗi. Komai a tsare, kowane ɗalibi da ƙunshinsa, an ɗaure da tsumman atamfa, an barbaɗa toka saboda gara. Na fara da na sauran, ina aika wa masu su. Wani tsohon ɗan ajinmu, yanzu babban ɗan kasuwar dabbobi ne, ya zo da kansa a kan babur. Ya buɗe shafi ɗaya, ya ga inda ya ce bakwai sau takwas arba'in ne, ya cusa ƙunshin cikin riga ya roƙe ni kada yaransa su ji.

Na yi dariya, amma da na zo kan nawa dariyar ta ƙare. Ƙunshina ya fi na kowa kauri, akwati ɗaya kusan duk ni ce. Na bi su ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har la'asar. Babu shafin da ba ja. Nan ta zagaye kalma, can ta ja layi biyu, can ta rubuta "sake" har bik ya huda takardar. Shekara shida, babu ko guda mai tsabta. Wallahi na ji ciwo. Mace mai 'ya'ya uku, na zauna a zaure ina share hawaye da bakin zane.

Haka Baba Illa ya shigo ya same ni. Na ce masa ashe dai direkta ya yi gaskiya, Gwaggo haƙuri kawai ta yi da ni. Ya dube ni, ya dubi akwatin, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ramatu, ke ba ki san tsarin Madam ba? Kuskure ɗai taka ajewa. Cewa take wanda yaro ya iya yana cikin kainai, mi za a yi da takarda? Masu kyawon ni aka ba."

Na ce to nawa fa?

"Naki? Ai da naki na yi sana'a. Rabin Dakoro sun ci tsire cikin goma bisa gomanki."

Ya zauna a kan akwatin ya ba ni sauran labarin. Ashe takarduna daban take ware masa, da sharaɗi. Idan mushe, wato malamin lekwal, ne ya zo saye, ko wani ma'aikaci, da tawa za a naɗe, kuma rubutun ya kalli waje. Idan kuwa direktan nan ne, a ninka masa biyu. Shekara biyu mutumin yana cin tsire a cikin dikte ɗina, har wata rana ya dawo da takardar a hannu, duk mai, ya tambayi wane yaro ne wannan. Baba Illa ya ce masa ai mai saƙar nan ce. Direktan ne da kansa ya sa sunana a jarrabawar sartifika, ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka roƙonsa Gwaggo ta je ta yi.

Ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ta yi laushi don ninki. Rubutuna ne, da tabon mai da jan yaji, da goma bisa goma ƙarami a kusurwa. Na miƙa hannu, ya janye.

"Kallo ɗai. Wagga tawa ce, da ita za ni Maraɗi."

Washegari na gama tacewa cikin sauƙi. Waɗanda ba a zo karɓa ba muka haƙa rami mai tsabta a bayan gida muka binne, saboda sunan Allah da ke jiki. Kwalina kuwa na cika shi da kurakuraina, na zaɓi waɗanda suka fi ja. Mai kyau ɗin da na gani lamba ce kawai a kanta. Waɗannan kuwa duk hannunta ne, layi bayan layi, ta zauna ta bi ni kalma-kalma ba ta gaji ba. Yarana sun riga sun gano inda na rubuta sunan garinmu ba daidai ba, suna ta yi mini tsiya, ni kuwa ko a jikina.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Tsahara, Ya haskaka kabarinta. Ita ta adana kurakuranmu don ta gyara mu. Ya Allah, nata kada Ka adana ko ɗaya. Amin.