Baƙin Mai Ya Sa Fararen Kaya

Kafin a buɗe ƙofar kasuwarmu, Baƙin Mai ya riga ya hau rufin rumfuna da bokiti da tsumma. Da sanyin safiya yake wanke farantan sola, don ya ce in rana ta gasa gilashi ka zuba masa ruwa, tsagewa zai yi. In ya sauko sai ya shiga ɗakin batura ya kara kunne a jikin injin rarraba wuta, kamar mai satar jin hirar maƙwabta.

Laƙabin daga tsohon aikinsa ya samo shi. Tun kansa ba furfura yake jinyar ƙaton janaretan kasuwa, da kunne yake gane ciwonsa, kayansa kullum dumu-dumu da baƙin mai. Sai gwamnati ta yi dokar makamashi: a kashe manyan injuna masu hayaƙi a kasuwanni, a tallafa wa masu zuba jari a wutar rana. Hankalin teloli da masu niƙa ya tashi, suka zo ya shige musu gaba a yi bore.

"Baba, abincinka fa za a rufe," in ji shugaban teloli.

Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa ya ce, "Ka ji wannan? Tukuicin da injin ya ba ni ke nan. Ba na so jikokina su gada."

Da hannunsa ya kashe janaretan, ba shi da tabbacin kamfanin sola zai ɗauki tsoho. Ya je koyon aiki cikin sa'o'in 'ya'yansa, ana tsokanarsa da ɗan aji ɗaya. Aka ɗauke shi. Mai sayar da ƙanƙara a kasuwar nan shaida ce, ran da fankar injin rarraba wuta ta tsaya da tsakar rana, kunnen nan ne ya ji shirun, ya kashe wuta kafin komai ya ƙone.

Baba, kai ne ka yarda sana'arka ta mutu don mu shaƙi iska mai kyau, kuma wallahi ban san mutum biyu da za su iya ba. Yau da za ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ƙirji. Masu tasowa, ga abin koyi.

Matarsa ta ce yanzu har fararen kaya yake sawa su wuni fes. Tarin ne kawai ya ƙi fita.