Dutsen Murhun Inna

A garinmu, can ƙasar Roni, gidan mai siminti ake ce wa gidanmu. Ko baƙon ɗan acaɓa ka faɗa wa haka, a ƙofar zaurenmu zai sauke ka. Ina ƙarami kwalbatin da ke kan rafi a hanyarmu ta zuwa Gwiwa ya rufta da akori-kura cike da 'yan kasuwa, aka rasa rayuka. Baba ne shugaban maginan da suka yi aikin. Ɗan kwangila ya yi layar zana, 'yan sanda suka yi rubuce-rubucensu suka tafi, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Gari kuwa ya yanke nasa hukuncin: wai Baba ya karkatar da siminti ya cike da yashi. Ba wanda ya taɓa faɗa masa ido da ido. An dai daina kiransa aiki, har Allah ya yi masa rasuwa.

Ni na gaji sunan, kuma na gaji da shi. Koyarwa nake a firamare, na yi ta neman canjin wurin aiki har aka ba ni Dutse. Inna ta ce ko da igiya ba za a fitar da ita ba. "Ba na barin garin nan da wannan suna a kan mijina." Ni kuma ba na iya tafiya in bar ta.

Ina cikin wannan tsaka mai wuya sai ga ɗaliban injiniya daga Kazaure, da hulunan kwano da tef ɗin awo. Malaminsu ne ya ba su binciken rushewar kwalbatin a matsayin aikin kammala karatu. Raina ya ɓaci, don na ɗauka tsohon miki za su fama su tafi. Amma da yarinyar da ke jagorantarsu ta ce akwai injin da ke matse kankare ya nuna ƙarfinsa, sai na hango hanyar wanke sunan Baba. Guntun tsohon ginin kawai suke buƙata.

To, an daɗe da ɗora sabuwar gada a wurin. Ɓaraguzan kuwa mata ne suka kwashe tun a lokacin suka yi murhu, don kankare ya fi dutse zama daram a ƙarƙashin tukunya. Muka bi gida-gida, duk sun rugurguje an zubar. Sai Inna ta ce mu biyo ta madafa. Ashe ɗaya daga duwatsun murhunmu, wanda na ci tuwonsa tun ina yaro, na kwalbatin ne.

"Na sa shi inda idona zai riƙa ganinsa kullum," in ji ta. "Na san ranarsa za ta zo."

Yarinyar ta durƙusa ta murza gefensa, ya marmashe a yatsunta.

"Inna, tun yaushe yake kan wuta?"

"Tun ba a haife ki ba, 'yar nan."

Yarinyar ta ɗago kai. Sannan ta ce wuta tana cinye ƙarfin kankare. In suka sa shi a inji nan take zai farfashe, ko da siminti mai kyau aka yi shi, sai sakamakon ya gaskata masu zargin Baba. Abin da ya rage shi ne gindin tsohon ginin da ke binne ƙarƙashin sabuwar gada. Sai an samu izini, an haƙa da rani.

"Mu bana za mu gama, Inna. Za mu bar wa na bayanmu bayani su fara daga nan."

Na bayansu! Na ji kamar in yi ihu. Su za su karɓi takardarsu su wuce, mu muna nan inda suka same mu.

Da na raka su na dawo, na tarar Inna ta janye dutsen daga murhu, ta wanke shi tas, ta jingine shi a gindin randa inda ya fi sanyi. Na ce, "Inna, na mene ne kuma?"

"Ya huce kafin yaran baɗi su zo," ta ce. "Kai kuma ka bar maganar tafiya Dutsen nan. In ka tafi, wa zai kai su rafin?"